Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Katsina: A Ɗauki Ma'aikatan Daji Da Masu Tsara Gari Kafin A Ƙara Sayen Dashe

Mai girma Gwamna, Malam Dikko Umaru Raɗɗa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya yi riƙo da hannunka a kan nauyin da ya ɗora maka.

Ranka ya daɗe, ni tsohon ma'aikacin gandun daji ne daga ƙasar Daura. Na ajiye aiki, ba kwangila nake nema ba, ba kuma gurbi nake nema wa wani nawa ba. Roƙona ɗaya ne: gwamnati ta mayar da kula da daji, makiyaya, ruwa da tsarin gari aikin da yaro zai karanta, a ɗauke shi, a tura shi ƙauye, a biya shi, ya yi girma a ciki har ya yi ritaya. Mun iya bikin dashe. Duk damina ana kafa rumfa, a kawo sabon shebur da bokitin ban-ruwa, manya su tsuguna a ɗauki hoto. Abin da ba mu riƙe da kyau ba shi ne mutumin da zai koma wurin a watan Maris, lokacin da rana ta take, akuya ta rasa abin ci, kowa ya manta an taɓa yin taro a wurin.

Ba kuɗin shirye-shirye muka rasa ba. Katsina na cikin jihohi 11 da ke bakin kwararowar hamada, waɗanda shirin Babbar Koriyar Ganuwa, na dashen itatuwa don tare hamada, ya shafa. Tarayyar Afirka ta amince da shirin a 2007, Najeriya kuma ta kafa masa hukuma ta musamman a 2015. A Disambar 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar da ta lalace a jihohin Arewa 19 da Abuja. Kafin waɗannan duka, a ƙarshen shekarun 1980, an yi babban shirin dashen itatuwa na Katsina da tallafin Turai, wanda layukan itatuwansa suke tsaye har gobe a wasu wurare na arewacin jihar. Sai dai kowane shiri yana da ranar rufewa. In ya rufe, motocin su tsufa, allunan su yi tsatsa, abin da ke rage wa jiha shi ne mutanen da suka koyi aikin.

A nan nake so ka yi ɗan lissafi. An ƙirƙiri Jihar Katsina a Satumbar 1987. Ma'aikacin gwamnati yana barin aiki in ya cika shekara 35 yana yi, ko ya kai shekara 60 a duniya. Ke nan duk wanda aka ɗauka daga 1987 zuwa 1990 ya gama nasa tsakanin 2022 da 2025, in ma shekaru ba su riga sun fitar da shi ba. Su ne suka san iyakar kowane gandun daji tun kafin a cinye gefensa, suka san inda aka kafa dutsen iyaka, suka san gindin gawon da ake tsintar iri mai kyau a ƙarƙashinsa. Yawancin wannan sani ba a takarda yake ba, a kawunansu yake. In ba a haɗa su da matasa yanzu ba, da saninsu za mu kai su makwanci ɗaya bayan ɗaya.

Mutane da yawa sun ɗauka dashe ba ya buƙatar karatu: ka haƙa rami, ka sa, ka rufe. Bari in ɗan shiga da kai gidan rainon itatuwa. Aikin yana farawa tun cikin sanyi, da tara iri. Ƙwayar bedi, wadda wasu ke kira darbejiya, ba ta ajiyuwa. In ta yi 'yan makonni a buhu ta mutu, ko da ido ya gan ta lafiya lau. Ƙwayar gawo da ta bagaruwa kuwa ɓawonsu tauri gare shi, sai an jiƙa su a ruwan zafi sun kwana, ko an ɗan karce gefensu, in ba haka ba a yi ta ban-ruwa babu tsiro. Ana haɗa ƙasar sama da yashi da takin da ya ruɓe sosai, don ɗanyen taki ƙone saiwa yake yi, ya kuma kira gara. A cika leda, a huda gindinta, a jera a inuwa. Da tsiro ya fara girma sai a riƙa ɗaga ledar ana sauya mata wuri, saboda in aka bari saiwa ta huda ta kama ƙasa, ranar ɗauka za ta tsinke, dashen ya isa gona da ganye kore shar alhali ya riga ya mutu. Makonni kaɗan kafin fitarwa a rage ruwa, a rage inuwa, don ya saba da wahalar da zai tarar a waje. Sannan a jira damina ta zauna, ƙasa ta sha ruwa sosai, galibi cikin watan Yuli. Wanda ya kai dashe gona a Satumba saboda a lokacin ne kuɗi ya fito, ya yi wa akuya da rani hidima ne kawai.

Kowane mataki a nan akwai inda ake kuskure, kuma kuskuren ba ya bayyana sai bayan an biya ɗan kwangila ya tafi. Shi ya sa nake ganin a daina auna nasara da yawan dashen da aka raba. A auna da yawan wanda ya rayu bayan rani biyu. A riƙe wani kaso na kuɗin kowace kwangilar dashe har sai ma'aikaci ya je ya ƙirga, layi-layi, ya rubuta nawa suka tsaya, nawa gara ta ci, nawa dabba ta kafce, nawa wuta ta lashe, a cike guraben. Amma wa zai yi ƙirgar? Ka ga mun dawo kan ma'aikaci.

Ko layin itatuwan tare iska da ake yi a Kaita, Mashi, Mai'aduwa, Zango da Baure ba jera itace ba ne kurum. Sai an san ta inda iska ke bugowa, a gitta mata layin. Sai an haɗa dogo da gajere, don in ƙasan layin ya zama fayau iska ta nan za ta kutsa da ƙarfin da ya fi na da. In an yi shi daidai, yana kare gona har nisan da ya ninka tsawon itatuwan sau goma ko fiye. In kuma an dasa itacen turare dab da gonar talaka, ya shanye masa laima, to an yi wa dashe abokin gaba na har abada, kuma da dare zai zo da gatarinsa.

Yanzu bari in tsallaka iyaka, don darasi mafi girma yana kusa da mu. Duk wanda ya fita ta Kwangwalam ya nufi Matamaye da Magarya a ƙasar Damagaram, ko ya bi ta Jibiya ya shiga ƙasar Maraɗi, ya ga gonakin gero cike da gawo, kalgo da sabara. Yawancinsu ba dasa su aka yi ba. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, manoman can suka koma barin tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture, maimakon su sassabe shi duka su ƙone kamar yadda aka saba. Wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, da ya yi aiki a Maraɗi a shekarun 1980, yana cikin waɗanda suka yaɗa dabarar, har aka ba shi lambar yabo ta duniya a 2018. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 ta wannan hanya, da itatuwa wajen miliyan 200. Babu wani shirin dashe a yankinmu da ya kusanci wannan, kuma kuɗin da aka kashe bai taka kara ya karya ba.

Dabarar ba ta da wuya a ido. Manomi zai tsaya kan kututturen da ya yi toho barkatai, ya zaɓi rassa uku zuwa biyar mafiya ƙarfi da miƙewa, ya sare sauran da wuƙa ko lauje mai kaifi, yana yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya ɗaye. Ya rage ƙananan rassan gefe zuwa rabin tsawo, ya ɗaure waɗanda ya bari wuri ɗaya, ya riƙa dawowa bayan 'yan watanni. Tunda saiwar tsohuwa ce, ta riga ta kai ga laima, cikin shekara biyu zuwa uku sai ka ga itace ya fi mutum tsawo, ba leda, ba ban-ruwa. Gawo kuma kowa ya san halinsa: da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya yi wa gero inuwa, ganyen ya zama taki, da rani kuma 'ya'yansa su ciyar da dabba. Kakanninmu sun san wannan, shi ya sa geron gindin gawo ya fi na ko'ina a gona.

To me ya hana abin yaɗuwa a namu ɓangaren kamar yadda ya yaɗu can, alhali ƙasa ɗaya ce, harshe ɗaya, har auratayya muke yi? A ganina amsar tana wurin malamin daji. Shekara da shekaru talaka bai san malamin daji da komai ba sai kamu da tara. Mutum ya reni itace a gonarsa, ranar da ya sare reshe don gyaran rumbu a ƙwace masa gatari. Wanda aka yi wa haka sau ɗaya, ba zai sake barin toho ya girma ba, tun yana ƙarami zai kashe shi don ya huta da fitina. A Nijar abin ya fara tafiya ne da manomi ya tabbata itacen da ya rena nasa ne. Saboda haka ma'aikatan da nake roƙon a ɗauka ba irin masu tare amalanke a bakin kasuwa ba ne. Muna buƙatar wanda zai zauna da mai unguwa da dagaci a rubuta ƙa'idar gari kan sara da kiwo, wanda zai shiga gona ya nuna yankan da hannunsa, kuma doka ta tsaya masa cewa itacen gona na mai gona ne. Kai da ka karanci harkar noma da faɗakar da manoma har digirin digirgir a Zariya, ba sai na yi maka dogon bayani kan bambancin mai tsoratarwa da mai koyarwa ba.

Kamu yana nan, amma a kai shi inda ya dace: manyan motocin da ke fita da gawayi, masu sare ƙirya da marke da kaɗanya da injin yanka. Shi ma wannan ba zai yi tasiri ba muddin uwargida a Katsina ko Funtuwa ba ta da abin da za ta dafa tuwo da shi sai icce da gawayi. Gonar itacen girki mai mai ita, murhu mai tsimin icce, da sauƙin gas, duk ɓangaren aikin ne, kuma duk suna buƙatar masu sani.

Ba zan tsallake batun Dajin Rugu ba, ko da yake na san ka fi ni sanin zafinsa. Abubuwan da suka kai mu ga wannan hali suna da yawa, ba zan ce rashin malamin daji ne ya kawo ta'addanci ba. Amma wanda ya yi aikin ya san cewa tun kafin bindiga ta yi yawa, burtali ya fara tsukewa, mashaya ta koma lambu, makiyayar da dokar Jihar Arewa ta 1965 ta tanada aka yi ta yankar ta ana rabawa. Duk inda ba a auna ba, ba a kafa alama ba, ba wanda ke zagayawa, mai ƙarfi ne ke cinyewa, rigima ta biyo baya. Ba ina cewa a tura yara da littafin rubutu cikin Rugu yau ba, wannan ganganci ne. Ina cewa ranar da Allah ya kawo zaman lafiya a Batsari, Safana, Ɗanmusa da Jibiya, za a buƙaci waɗanda suka iya auna makiyaya, su san shanu nawa fili zai ɗauka, su shuka gamba da sauran ciyawa inda ƙasa ta zama faƙo, su sasanta manomi da makiyayi kan taswira. In ba a fara horar da su yanzu ba, ranar za ta zo ba mu da kowa. Kuma a cikin waɗanda za a horar a sa 'ya'yan Fulani makiyaya da suka yi boko, don sun fi kowa sanin hanyoyin.

Haka madatsun ruwanmu. Zobe, Jibiya, Ajiwa, Sabke, Mairuwa, kowace tana cika da yashi a hankali gwargwadon yadda aka tsiraita ƙasar da ke zuba mata ruwa. Yashe madatsa aikin biliyoyi ne. Riƙe ƙasar tun daga tudu, da kunyoyin tare ruwa da jeren duwatsu da ciyawa, aikin ma'aikaci ne da babur da mutanen gari.

Sai cikin gari, inda nake ganin an fi yin sakaci. Tsofaffin biranenmu suna da kududdufai, inda aka haƙi ƙasar gini. Mutane na ganinsu matattarar sauro da shara, kuma gaskiya ne sun zama haka, amma su ne ke karɓar ruwan sama in an yi mamako. Yau ana cike su da bola, a daddale, a yanka fuloti. Ruwan da ya saba sauka nan bai san an sayar ba, zai zo, in bai sami wurinsa ba ya shiga ɗakin mutane. A bayan gari kuma ga awon igiya. Mai gona ya kira dillali, a ja igiya, a yanka hamsin-hamsin, a bar lungun da ko motar kashe gobara ba za ta shiga ba. Ba filin makaranta, ba na asibiti, ba maƙabarta, ba hanyar ruwa. Da rani ake ciniki, lokacin da rafi ya bushe ya yi kama da fili mai kyau, mai saye bai sani ba sai Agusta. Bayan shekara goma unguwa ta cika, sannan a zo da jan fenti ana shafa wa gidaje, a yi rusau, a biya diyya, a yi ta Allah ya isa. Ambaliyar Jibiya ta watan Yulin 2018, wadda ta ci rayuka sama da 40 a dare ɗaya, ta isa ta sa mu riƙa tambayar inda ruwa zai bi kafin mu tambayi kuɗin fili.

Dokoki suna nan. Akwai dokar tsara birane da yankuna ta 1992, akwai ta tantance illar manyan ayyuka ga muhalli, ita ma ta 1992. Jiha na da hukumar tsara birane da ta kare muhalli. Abin tambaya shi ne: a ƙananan hukumomi 34, nawa ne ke da ƙwararren mai tsara gari, mai rajista, da ke zaune a can, wanda mai gona zai iya zuwa wurinsa kafin ya kira dillali? Aikin irin wannan mutum shi ne ya riga igiya isa gona. Ya ɗauki taswirar tudu da gangare, ya duba hoton tauraron ɗan'adam na shekarun baya ya ga inda ruwa ke kwanciya, ya tambayi tsofaffin unguwa iyakar da ambaliya ta taɓa kaiwa, sannan ya fitar da titi da magudana da filin jama'a, ya bar wa mai gona sauran ya sayar da daraja fiye da ta da. In tsarin hukuma yana fita da sauri da araha, ba wanda zai zaɓi awon igiya. Jinkiri da tsada ne ke tura mutane can.

Kuma lokaci na ƙurewa. Layin dogon da ake ginawa daga Kano zuwa Maraɗi zai bi ta Daura, Mashi, Katsina da Jibiya. Duk inda aka sa tasha gari zai tashi a gefenta, 'yan kasuwar filaye kuma ba sa jiran kowa. Daura kaɗai ta sami jami'ar sufuri da kwalejin fasaha ta tarayya cikin 'yan shekarun nan, gonakin bakin gari suna komawa gidaje muna kallo.

Ranka ya daɗe, matasan da za su yi wannan aiki ba sai an je nesa nemansu ba. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma na koyar da ilimin gandun daji da namun dawa. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa na yaye masu ilimin labarin ƙasa da na halittu. ABU Zariya ta daɗe tana koyar da tsara birane, Jami'ar Bayero na da cibiyar noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa. Ga kwalejojin gandun daji na tarayya a Jos da Afaka, ga ta kula da namun dawa a New Bussa. Digirin gandun daji shekara biyar ne cur, da aikin fili a ciki. Yaro ya gama wannan, ya yi bautar ƙasa, ya dawo gida, sai ka same shi a rumfar POS ko kan babur yana haya. Sana'a ba abin kunya ba ce, Allah ya sa albarka. Amma jihar da hamada ke ci ta arewa, kwazazzabai na ci ta kudu, bai kamata wanda ya san maganin abin ya ƙare yana ƙirga canji ba.

Ƙannensa kuma suna kallo. Ka tambayi 'yan ajin ƙarshe a kowace sakandare abin da za su cike a JAMB: likita, lauya, injiniya, aikin jinya. Wanda ya tsinci kansa a gandun daji, yawanci tura shi aka yi da makinsa bai kai ba, kuma a gida ana yi masa jaje. Uba ba shi da laifi in ya ce wa ɗansa, wa ka gani ya yi wannan karatu ya ci abinci da shi? Wa'azi ba zai canja wannan ba. Hadisin ladan wanda ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci, kowane ɗan Islamiyya ya haddace shi. Abin da zai canja ra'ayin uba shi ne ya ga ɗan maƙwabcinsa an ɗauke shi a mataki na 8, an ba shi babur da kayan awo, albashinsa na shiga, ana gaishe shi a gari.

Gwamnatinka ta nuna ana iya ɗaukar dubban malaman makaranta ta hanyar jarrabawa, ta ɗauki malaman gona, ta kafa rundunar tsaron al'umma. Hanyar da aka bi can ita nake roƙon a bi nan. A fara da ƙirga: ma'aikatan daji nawa suka rage a jiha da ƙananan hukumomi, nawa ne za su tafi cikin shekara biyar, gidajen rainon itatuwa nawa ke aiki da gaske, masu tsara gari nawa ke wajen babban birni. A buga sakamakon kowa ya gani. Daga nan a buɗe gurabe, a yi jarrabawa, kuma jarrabawar ta haɗa da fili. A miƙa wa mai nema wuƙa a kai shi gaban kututture, a ba mai neman aikin tsara gari taswira a ce ya nuna inda ruwa zai bi. Takardar ɗan majalisa ba ta raya dashe.

Ina kuma roƙon a ware guraben tallafin karatu ga kowace ƙaramar hukuma a waɗannan fannoni, da sharaɗin wanda ya ci zai dawo ya yi wa yankinsa aiki na wasu shekaru. Ɗan Baure ya fi kowa sanin ƙasar Baure, kuma ba zai kwana yana neman a mayar da shi hedikwata ba. A sa 'yan mata a ciki da gangan, ba don cika lissafi ba. Icce a hannun mata yake ƙonewa, su ke tsinko kuka da zogale da ɗorawa, su ke kiwon awakin da ke cin dashen, kuma gidan da aka rubuta ba shiga, ma'aikaciya ce kaɗai za ta shiga ta yi magana da su.

Matasan da shirye-shiryen Bankin Duniya da makamantansu ke ɗauka na wucin gadi, an riga an kashe kuɗi an koya musu aiki da na'urar auna wuri, da taswirar kwamfuta, da jirgi marar matuƙi. Kada a bari ranar rufe shiri ta zama ranar sallamarsu. A tanadi yadda jiha za ta riƙe nagartattun cikinsu tun yanzu. Tsofaffi irina kuma, waɗanda ƙafarsu ke iya tafiya, a kira su ko na wata shida ne, a haɗa kowanne da matasa biyu ko uku su zagaya iyakokin gandun daji, a sa a taswira. Da yawanmu kuɗin mai da na goro ya ishe mu.

Na san za a ce gwamnati ba za ta iya ɗaukar kowa ba, kuma haka ne. Amma gwamnati ce babbar mai saye. In ta ce daga yau dashenta daga gidajen raino na 'yan jiha masu rajista za ta saya, a kan lokaci, kuma ta biya, matasa da yawa za su kafa nasu, su haɗa da aure-auren mangwaro da gwaiba da kashu da masu lambu ke nema. In ta ce ba za a amince da yanka filaye ba sai da sa hannun mai tsara gari mai rajista, ba za a fara babban aiki ba sai da rahoton muhalli na gaskiya, ofisoshin masu zaman kansu za su buɗe da kansu. Ga ƙaro, ga zuma, ga man bedi, duk kasuwa ce ga wanda ya san itacen.

Abu ɗaya nake tsoro, shi ne a amsa wannan kira da ɗaukar 'yan sa-kai dubu a ba su riga da hula da alawus na wata uku. An sha yin haka a ƙasar nan, kuma mun ga ƙarshensa. Gara mutum ɗari masu aikin dindindin, da babur da mai da mai duba aikinsu, da dubu biyar na hoto.

Maganar lokaci ita ce ta ƙarshe. Ana tara iri cikin sanyi, ana cika leda daga Fabrairu zuwa Maris, ana dasawa a Yuli. In guraben nan ba su shiga kasafin kuɗin da za ka kai majalisa a ƙarshen shekara ba, kuma kuɗin gidajen raino bai fita kafin Fabrairu ba, to daminar baɗi ta wuce mu, sai ta bayanta. Ina roƙon ka umarci ma'aikatar muhalli da ta filaye da ofishin shugaban ma'aikata su kawo maka ƙirgar da na ambata kafin a rufe kasafin.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da jiharmu lafiya.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin daji,
daga ƙasar Daura.